Yadda Ake Shigar da Buƙata a Gaban Kotu a Shari'ar Laifi: Jagora ga Mazauna Abuja

Duk wanda ya taɓa zama a bencin baya na Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Maitama, ko a kotun majistare ta Wuse, yana jiran a kira shari'ar ɗan'uwansa, ya taɓa ganin lauya ya miƙe ya shaida wa alƙali cewa yana da buƙata a gaban kotu. Sau da yawa kafin minti goma an gama, alƙali ya sanya wata rana, jami'an gidan gyaran hali sun mayar da mutum cikin mota zuwa Kuje, dangi kuwa sun fito ba su san abin da aka roƙa ba, balle dalilin da ya hana a samu. Abin da ya kamata iyali su sani tun farko shi ne, yawancin buƙatun da ake rasawa a kotu tun a gida aka rasa su, domin bayanan da alƙali yake nema suna hannun dangi, kuma ba wanda ya tambaye su a kan lokaci.

Buƙata a nan tana nufin roƙon da wani ɓangare yake yi wa kotu ta ba da wani umarni kafin a kai ga hukuncin ƙarshe, ko kuma bayansa. Neman beli buƙata ce, haka neman a sassauta sharuɗɗansa, da neman a ɗage zama, da neman a gyara takardar tuhuma, da neman a sallami wanda ake tuhuma saboda raunin shaida. Dokar da take tsara waɗannan a Abuja ita ce Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi suke kira ACJA, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Mayun shekarar. Tana aiki a kotunan Birnin Tarayya da kuma Babbar Kotun Tarayya. A samanta akwai Kundin Tsarin Mulki na 1999, a gefenta kuma akwai Dokar Shaida ta 2011.

Mataki na farko: a gano matsayin da maganar take

Kafin a rubuta ko kalma ɗaya, sai a tabbatar ko an riga an gurfanar da mutumin ko kuwa har yanzu yana tsare a hannun masu bincike, domin ƙofar da za a ƙwanƙwasa ta dogara ne a kan wannan. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, idan babu kuma cikin kwana biyu ko wani lokacin da kotu za ta ga ya dace. Idan laifin da ake zargi ba na hukuncin kisa ba ne, kuma awa 24 ta wuce ba a ba da beli ba, sashe na 32 na ACJA ya ba da damar a sanar da kotun da take da hurumi a madadin wanda aka tsare, ita kuma ta sa a kawo shi ta binciki dalilin tsarewar. Wannan roƙo ana iya yin sa da baki ko a rubuce. Hanya ta biyu ita ce ƙarar neman kare haƙƙin ɗan'adam a babbar kotu bisa ƙa'idojin 2009, wadda ita ƙara ce mai zaman kanta, kuma a cikinta ana iya neman diyya.

Akwai kuma yanayi na tsakiya da yake rikita mutane da yawa, wato lokacin da masu bincike suka je gaban majistare suka karɓo umarnin ci gaba da tsarewa ba tare da an sanar da kowa ba. Sashe na 293 zuwa 296 na ACJA ne suka ba su wannan dama, amma da iyaka: umarnin farko ba ya wuce kwana 14, ana iya ƙara wasu 14 idan an kawo dalili, bayan haka kotu za ta kira hukumomin da abin ya shafa su zo su yi bayanin abin da zai hana a saki mutumin. Don haka iyali su nemi sanin kotun da ta ba da umarnin da ranar da aka ba da shi, su riƙa lissafin kwanakin da kansu. Sashe na 295 ya ba majistaren ikon ba da beli a cikin wannan zaman tsarewar ma, bisa sharuɗɗan da dokar ta gindaya.

Mataki na biyu: haɗa takardun

Rubutacciyar buƙata takardu uku ne a haɗe. Ta farko ita ce takardar roƙon kanta, mai ɗauke da sunan kotu, da lambar shari'a, da sunayen ɓangarorin, da sassan dokar da aka dogara da su, da ainihin umarnin da ake so kotu ta bayar, da dalilai a taƙaice. A nan ana son a faɗi abin da ake nema daidai, domin al'adar kotu ce ba ta ba mutum abin da bai roƙa ba. Dole lauyan ya sa hannu da sunansa na kansa, ya kuma manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya. Tun a 2007 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Okafor da Nweke cewa takardar da aka sanya wa hannu da sunan ofishin lauyoyi kawai ba ta da inganci, kuma wannan kuskure ya rusa ƙararraki da dama bayan an shafe shekaru ana fafatawa.

Ta biyu ita ce takardar rantsuwa, kuma a ganina ita ce ran buƙatar baki ɗaya. Alƙali ba ya karɓar maganar lauya a matsayin shaida, komai daɗin bakinsa. Abin da aka rantse a kansa shi ne abin da kotu za ta auna. Sashe na 115 na Dokar Shaida ya ce takardar rantsuwa ta ƙunshi bayanin abin da ya faru kawai, kada a sa roƙo, ko suka, ko muhawarar doka, ko yanke hukunci a cikinta. Idan mai rantsuwa ya ce an kama ƙanensa a shagonsa da ke kasuwar Wuse ranar kaza da misalin ƙarfe kaza, wannan bayani ne. Idan ya ce kamun ya saɓa wa doka, ya shiga aikin alƙali, kuma lauyan gwamnati zai iya neman a soke wannan sakin layin. Sa'annan idan abin da yake faɗa wani ne ya gaya masa, wajibi ne ya ambaci sunan wanda ya gaya masa, da wuri, da lokaci, da yanayin da aka yi maganar, ya kuma ce ya gaskata. Ana yin rantsuwar a gaban kwamishinan rantsuwa na kotu, kuma dokar ta hana a yi ta a gaban lauyan da yake wakiltar mai buƙatar.

A nan ne aikin dangi yake. Mu ɗauka ana tuhumar wani ɗan kasuwa da cin amana, laifin da sashe na 312 na dokar Final Kod ya tanadar wa ɗaurin da zai iya kai shekara 7. Lauyan da aka ɗauka jiya bai san cewa mutumin ya shekara goma sha biyar a gida ɗaya a Kubwa ba, bai san yana da mata da 'ya'ya a makaranta ba, bai san cewa lokacin da 'yan sanda suka ba shi beli ya koma duk ranar da aka kira shi ba, bai kuma san yana shan maganin ciwon suga kullum ba. Waɗannan su ne abubuwan da suke nuna wa alƙali cewa mutum ba zai gudu ba. Sai a zauna da lauya a ba shi su dalla-dalla, a kawo takardun da suke tabbatar da su, kamar rasidin haya, da takardar rajistar kasuwanci, da katin asibiti, a lanƙaya su a jikin takardar rantsuwar a matsayin hujjoji masu lamba. Takardar rantsuwar da sakataren ofishin lauya ya rantse a kanta, wadda aka kwafo daga ta wata shari'a aka sauya suna kawai, alƙalai sun saba ganin irinta, kuma ba ta motsa su. Gara yayan mutum ko matarsa, wanda ya san rayuwarsa da idonsa, ya yi rantsuwar. Amma a kiyaye ƙari a cikin magana ko da kaɗan ne, domin rantsuwa a kan ƙarya laifi ce mai zaman kanta, kuma ƙarya ɗaya da aka bankaɗo takan sa alƙali ya yi shakkar sauran bayanan.

Ta uku ita ce rubutaccen jawabin lauya, inda yake haɗa bayanan da doka da hukuncin manyan kotuna. Wannan aikinsa ne shi kaɗai.

Mataki na uku: shigarwa da isarwa

Ana kai takardun ofishin rajistara na kotun, a tantance kuɗin da za a biya, a biya ta hanyar da kotu ta amince da ita, a karɓi rasidi, a buga wa takardun hatimi da kwanan wata, a ba buƙatar lambarta. A ajiye kwafi ɗaya mai hatimi a gida. Daga nan sai isar da kwafi ga mai gabatar da ƙara, ko ɗan sanda ne, ko lauyan Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, ko na EFCC, ko na ICPC. Ma'aikacin kotu mai kai sammaci ne ya saba yin wannan, kuma yana ajiye shaidar isarwa a cikin fayil. Mutane suna raina wannan mataki, alhali shi ne yake yawan jawo ɗage zama. Idan lauyan gwamnati ya miƙe ya ce da safen nan aka ba shi takardar kuma yana son lokacin mayar da martani, da wuya alƙali ya hana shi, domin sauraron ɓangarori biyu haƙƙi ne na kowa, har da gwamnati. Sakamakon haka shi ne ƙarin mako ɗaya ko biyu a Kuje saboda jinkirin kwana ɗaya. Tun kafin ranar zama, a tambayi lauya ko an isar, a kuma tambaye shi ko shaidar isarwar ta shiga fayil ɗin alƙali.

Idan masu gabatar da ƙara suna adawa, za su shigar da tasu takardar rantsuwar ta martani. A karanta ta da kyau tare da lauya. Duk wani sabon zargi da ke cikinta, misali cewa mutumin ya taɓa tsallake beli ko ya yi wa shaida barazana, a amsa shi da ƙarin takardar rantsuwa, domin ƙa'idar kotu ita ce bayanin da aka rantse a kansa kuma ba a musanta shi ba ana ɗaukarsa a matsayin wanda aka amince da shi. Wannan ƙa'ida takan yi wa wanda ake tuhuma amfani ita ma idan gwamnati ce ta yi shiru.

Mataki na huɗu: ranar sauraro, musamman ta beli

Bayan an karanta tuhuma kuma wanda ake tuhuma ya amsa ko ya musanta, lauya zai gabatar da buƙatarsa, ya ambaci ranar da aka shigar da ita, ya dogara da takardar rantsuwar, ya ɗauki rubutaccen jawabinsa a matsayin hujjarsa. Idan wanda ake tuhuma ba ya jin Turanci sosai, a faɗa tun farko, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta, kuma amsa tuhumar da mutum bai fahimta ba babban haɗari ne. A kotun majistare ana yawan neman beli da baki nan take. A babbar kotu ma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da roƙon baki tun a shari'ar Cif Moshood Abiola ta 1995, sai dai yawancin alƙalai sun fi son rubutacce a manyan tuhume-tuhume, don haka hikima ita ce a shigar da takarda tun kafin ranar gurfanarwa.

ACJA ta kasa laifuka gida uku dangane da beli. Laifin da hukuncinsa kisa ne, alƙalin babbar kotu ne kaɗai zai iya ba da beli a kansa, kuma sai da dalili na musamman, kamar rashin lafiyar da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar tare da nuna cewa inda ake tsare da shi ba za a iya kula da shi ba, ko jinkirin da ya wuce shekara ɗaya a bincike da gurfanarwa. Wannan yana sashe na 161. Laifin da ɗaurinsa ya haura shekara 3, sashe na 162 ya ce a ba da beli sai fa idan akwai dalilin ganin cewa mutumin zai sake aikata laifi, ko ya gudu, ko ya tsoratar da shaidu, ko ya ɓoye hujja, ko ya kawo cikas ga bincike. Sauran ƙananan laifuka kuwa beli ne asali. Saboda haka takardar rantsuwa mai kyau takan bi waɗannan dalilan ɗaya bayan ɗaya ta toshe su da bayani. Hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Janar Ishaya Bamaiyi a 2001 shi ma ana yawan kafa hujja da shi, inda aka yi la'akari da nauyin laifi, da ƙarfin shaida, da yiwuwar a taɓa shaidu.

Samun beli a bakin alƙali ba shi ne fitowa ba, sai an cika sharuɗɗa. A Abuja an saba jin a kawo masu tsayawa biyu mazauna birnin, wani lokaci ma'aikatan gwamnati masu wani matakin albashi, ko masu fili ko gida da takardun mallaka, tare da ajiye fasfo a kotu. Ma'aikatan kotu sukan je su tabbatar da adireshi, wannan kuma yana cin kwanaki, don haka a fara neman masu tsayawa tun kafin a yanke hukunci a kan buƙatar. Sashe na 167 ya fito fili ya hana a ƙi karɓar mutum don kawai mace ce, saboda haka mata ko uwa ko yaya za ta iya tsayawa idan ta cika sharaɗi. Idan sharuɗɗan sun fi ƙarfin iyali, kada a zauna ana jiran ikon Allah kawai, a koma da sabuwar buƙata ta neman sassauci, a rantse a kan ƙoƙarin da aka yi da inda aka gaza, a kuma kawo abin da za a iya, domin sashe na 165 ya ce kada sharuɗɗa su yi tsanani fiye da kima. Idan majistare ne ya gindaya su ko ya hana belin, sashe na 168 ya ba alƙalin babbar kotu ikon sake dubawa. Shi kuma mai tsayawa ya san nauyin da ya ɗauka: idan mutumin ya gudu, kotu za ta iya karɓar kuɗin da ya rattaba hannu a kai, idan ya kasa biya kuma a ɗaure shi. Yana da damar neman kotu ta sauke masa nauyin tun kafin abu ya lalace.

Buƙatun da suke tasowa a tsakiyar shari'a

Kafin 2015 an sha ganin manyan shari'o'i sun shekara goma ba a kira shaida ko ɗaya ba, saboda ƙalubalantar tuhuma da ɗaukaka ƙara a kan kowane ƙaramin hukunci. ACJA ta rufe yawancin waɗannan ƙofofi, kuma ya kamata mai biyan kuɗin lauya ya san haka don kada ya kashe dukiyarsa a kan abin da ba zai yiwu ba. Sashe na 396 ya ce ana iya ƙalubalantar ingancin tuhuma bayan an amsa ta, amma hukunci a kan ƙalubalen sai ranar yanke hukuncin shari'ar gaba ɗaya. Sashe na 306 ya hana kotu sauraron roƙon dakatar da shari'ar laifi, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 2017 a shari'ar Olisa Metuh. Ɗage zama ma an ƙayyade shi: kowane ɓangare sau 5 kawai daga gurfanarwa zuwa hukunci, tazarar kuma kada ta wuce kwanakin aiki 14, kuma kotu za ta iya cin tarar mai neman ɗagewa ba gaira ba dalili. A aikace cunkoson shari'o'i yakan sa tazarar ta zarce haka, amma wanda yake tsare yana da hujjar tunatar da kotu wannan sashe. Wanda yake kan beli kuma ya sani cewa idan ya daina zuwa, sashe na 352 ya ba kotu damar ci gaba da shari'a a bayan idonsa.

Buƙatu uku ne na ga sun fi cancantar a kashe musu ƙarfi. Ta farko, neman a ba wa lauyan kariya jerin shaidu, da taƙaitaccen bayanansu, da kwafin jawabin wanda ake tuhuma, da sauran hujjojin da za a gabatar, domin ba a shirya kariya a cikin duhu. Ta biyu, ƙin amincewa da jawabin amsa laifi da aka karɓa ta hanyar duka ko barazana. Lokacin yin wannan shi ne daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ga kotu, kuma sashe na 29 na Dokar Shaida ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar da cewa ba a tilasta ba, abin da yakan kai ga ƙaramar shari'a a cikin babbar. A nan a bambance abu biyu: cewa “an tilasta mini” daban ne da cewa “ban yi wannan jawabi ba sam”, domin a na biyun kotu takan karɓi takardar, ta bar auna nauyinta zuwa ƙarshe. Wanda ake tuhuma ya gaya wa lauyansa gaskiyar yadda aka ɗauki jawabin tun ranar farko, da ko akwai lauya ko wani nasa a wurin kamar yadda sashe na 17 na ACJA ya tanada, da ko an ɗauki bidiyo, da kuma harshen da aka yi masa tambayoyi da shi.

Ta uku ita ce roƙon cewa babu wani zargi da ya kai wanda ake tuhuma ya kare kansa a kai, wanda ake yi bayan gwamnati ta rufe shaidunta, bisa sashe na 302 da 303 na ACJA. Kotu za ta duba ko an kawo shaida a kan kowane ginshiƙi na laifin, da ko akwai abin da ya haɗa mutumin da laifin, da ko tambayoyin lauyan kariya sun rusa shaidar har ta zama ba abin dogaro ba. Idan roƙon ya karɓu, an sallame shi ba tare da ya buɗe baki ba. Idan bai karɓu ba, sai ya shiga kariya, kuma wannan ba ya nufin an same shi da laifi. Lauya mai hankali ba ya yin wannan roƙo a kowace shari'a, domin idan shaidar gwamnati a fili take, watannin da za a ɓata a kansa wanda yake tsare ne zai biya su.

Bayan hukunci

Wanda babbar kotu ta samu da laifi yana da kwana 90 ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Idan wa'adin ya wuce, sai an nemi ƙarin lokaci, tare da rantsuwa a kan dalilin jinkirin da kuma nuna cewa akwai hujjoji masu ma'ana da za a gabatar. Ana iya neman beli kafin a saurari ɗaukakar, amma ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba, domin zaton rashin laifi ya riga ya kau, sai an nuna dalili na musamman kamar tsananin rashin lafiya ko yiwuwar mutum ya gama zaman ɗaurin kafin a saurare shi. Tun ranar hukunci a rubuta wa rajistara takardar neman kwafin hukuncin mai hatimin tabbatarwa, domin da shi lauya zai tsara dalilan ɗaukakar. Iyalin da ba su da halin ɗaukar lauya su tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 kuma hedikwatarta tana Abuja, su tafi da lambar shari'ar, da sunan kotun, da kwafin takardar tuhuma, da ranar zama ta ƙarshe.